Na ga teburin shayin kawuna a cikin taswirar waya

ɗan_agege
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ya same ni daren jiya har yanzu jikina a sanyaye yake, shi ya sa na ce bari in kawo nan. Ina kwance ina duba hanyar da zan bi da safe in kai kaya Ogba a taswirar Google ta waya, sai yarona ya ce Baba danna ɗan hoton nan na gefe, ina dannawa sai titin ya buɗe kamar ina tsaye a kansa, motoci, shaguna, kwata, komai da komai. Na yi ta ja da yatsa har na iso wajen Pen Cinema, sai yaron ya nuna min inda ake komawa tsofaffin hotuna, wlh ina komawa baya sai ga wurin yadda yake tun kafin a yi gadar sama, kuma ga teburin shayin kawuna a inda ya yi shekara da shekaru. Ga bencin, ga babbar tukunyar ruwan zafi, ga gwangwanayen madara da ya saba jerawa ɗaya kan ɗaya, ga shi kansa a tsaye ya ba da gefe yana yanka burodi. An dushe fuskar amma ni na san tsayuwar kawuna, yana ɗan karkata hagu saboda ciwon ƙafa da ya daɗe da shi. Shekara uku ke nan da rasuwarsa kuma ba mu da hotonsa a bakin sana'a ko guda ɗaya.

To tambayata ga masana a cikinmu, su wa ke ɗaukar hotunan nan kuma me suke samu? Na nemi layin gidanmu ba a shiga ba, shuɗin zanen da ke nuna inda aka ɗauki hoto ya tsaya a bakin babban titi. Sannan maiɗakina ta duba a taswirar iPhone ɗinta babu irin wannan sam. Google kaɗai ke yi ne ko sauran ba su damu da Legas ba?

Hajiya_Idiaraba
Allah sarki. Allah ya jiƙan kawu ya kai haske kabarinsa, ya sa aljanna ce makoma. Wlh karanta wannan sai da na tuna mahaifina.

Bakatsine_Apapa
Allah ya yi masa rahama. Kafin komai ɗan'uwa ka ɗauki hoton fuskar wayar yanzu yanzu ka ajiye, ka tura wa mutum biyu ko uku, kar ka dogara cewa gobe za ka same shi a wurin.

yaro_Yaba
Amin ya Allah, Allah ya ba da haƙuri Yallaɓai. Bari in ɗan amsa daidai abin da na sani tunda harkar kwamfuta nake karanta. Abin da ka gani sunansa Street View, na Google ne, sun fara shi a Amurka a 2007 da garuruwa biyar kawai. Mota ce ake ɗora wa kyamarori a kan rufi suna kallon kowace kusurwa, tana tafiya tana ɗauka duk bayan 'yan mitoci, na'urar GPS tana rubuta daidai inda aka ɗauki kowane hoto, daga baya kwamfuta ta ɗinke su wuri ɗaya shi ya sa kake iya juyawa hagu da dama. Na Legas an buɗe shi a watan Yulin 2017 lokacin da shugaban Google Sundar Pichai ya zo garin nan, aka ce tituna kusan kilomita 10,000 aka ɗauka. A 2019 suka ƙara da Abuja, Ibadan, Benin da Enugu. Fuskar da ka ga an dushe kwamfuta ce ke yi da kanta, duk fuska da lambar mota, tun 2008 suka fara haka bayan mutane sun yi ta ƙorafi.

Na iPhone kuma Apple na da nasu, Look Around suke ce masa, sai 2019 suka fito da shi kuma ƙasashen masu kuɗi suka fi bi. Amma Hajiyarka za ta iya sauke Google Maps a iPhone ɗin ta gani.

direban_Ikeja
@yaro_Yaba ka amsa su waye amma ba ka amsa me suke samu ba, kuma nan ne maganar take. Ba wanda zai sayi mota ya zuba mai ya biya direba ya zagaye Legas da gosulonta don Allah da Annabi.

yaro_Yaba
Haka ne Oga. Hoton da mu muke kallo shi ne ƙaramin amfaninsa a wurinsu. Babban amfanin shi ne kwamfutarsu tana karanta abin da ke cikin hoton, sunan titi, lambar gida, allon shago, alamar hanya, da shi suke gyara taswirar. In kun tuna da can in za ka shiga wani shafi a intanet sai a nuno maka hoton lambar gida a ce ka rubuta don a tabbatar mutum ne kai, to lambobin nan daga hotunan titi aka ciro su, mu muka taya su karantawa. Taswirar da ta fi daidai ita kowa zai riƙe, wanda kowa ya riƙe shi ke sayar da talla, kuma kamfanonin hayar mota da na kai saƙo suna biyansa kuɗi don su sa taswirar a cikin manhajarsu. Uber da kansu sun rubuta a takardunsu na shiga kasuwar hannun jari cewa sun biya Google kusan dala miliyan 58 tsakanin 2016 da 2018 saboda taswira.

MaiAlbasa_Mile12
To in dai haka ne ni ban ga sun gyara mana komai ba. Ku zo Mile 12 ku gani. Taswira ta san babban titin Ikorodu, ta san gadar, amma cikin kasuwa inda ake cinikin miliyoyi kullum fili ne kawai babu layin albasa babu layin tumatur babu na tattasai. Baƙo in ya zo sai dai in ce masa ka tsaya ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙafa zan turo yaro. Direbobinmu da ke taso kaya daga Aliero ko Kano kuma ba mai duba waya, kira ne kawai, na wuce Ogere, na iso Kara, ina Berger, ina Ojota. Mun fi shekara talatin a haka kuma kaya na isowa.

Baba_Obalende
MaiAlbasa ya faɗi gaskiya. Na shigo Ikko ina saurayi ban iya Yarbanci ba ban iya Turanci ba, da tambaya na san Idumota da Ebute Metta da Agege. Matambayi ba ya ɓata. Yaran yanzu sai ka ga mutum a tsaye gaban mai gadi Bahaushe ɗan'uwansa da ya shekara ashirin a layin amma ba zai yi masa sallama ya tambaye shi ba, ya sunkuyar da kai yana juya waya. Wannan yana damuna ƙwarai don ta sallamar nan ce muka san juna a garin nan, ta nan ake samun masauki ake samun aiki.

mai_kai_saƙo
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma ka duba halin da muke ciki mu ma. Ni a rana ina kai kaya gida goma sha biyar zuwa ashirin, daga Surulere zuwa Lekki zuwa Gbagada, in na ce kowanne sai na tsaya tambaya dare zai yi ban kai rabi ba. Kuma adireshin Legas kowa ya san yadda yake, lamba 14 tana kusa da 37, titi ɗaya suna biyu, tsohon suna da sabo. Abin da nake yi in kwastoma ya turo lokeshan, kafin in tashi sai in buɗe hoton titin in ga kalar get ɗin da abin da ke kallonsa, in na iso ba na ko kira. Matsalar dai ita ce wadda ɗan_agege ya faɗa, cikin lungu babu, kuma cikin manyan estet masu get ma yawanci babu. Wani lokacin kuma hoton ya tsufa, get ɗin da na gani baƙi an mai da shi ruwan toka, shagon da na riƙe a matsayin alama ya zama wurin POS.

Hajiya_Idiaraba
Ni fa tunda aka fara maganar nan hankalina bai kwanta ba. Yanzu mai_kai_saƙo ya ce yana ganin kalar get ɗin mutum kafin ya zo, to shi mutumin kirki ne, wanda ba na kirki ba fa? A zamanin nan na satar mutane mutum yana zaune a ɗakinsa ya ƙare wa gidanka kallo, ya ga tsawon katanga ya ga inda mai gadi ke zama ya ga hanyar fita. Sannan mu mata, kina zaune a ƙofar gida da yamma ko kin fito shanya ba mayafi mota ta wuce ta ɗauke ki duniya ta gani. Wa aka tambaya? Ni ba a tambaye ni ba. Dushe fuska ba ya hana a gane mutum, ga shi ɗan_agege ya gane kawunsa ta tsayuwa kawai.

Ummu_Sadiq
Wlh Hajiya kin riga ni a baki. Ni gara da ba su shigo layinmu ba.

yaro_Yaba
Hajiya damuwarki tana kan hanya kuma ba ke kaɗai ba ce. A Jamus da za a buɗe shi a 2010 gidaje sama da 240,000 suka rubuta cewa a rufe nasu, har kamfanin ya daina sabunta hotunan ƙasar shekara da shekaru, sai 2023 aka sa sababbi. A 2010 ɗin ne kuma suka amsa cewa motocin sun kwashi bayanan mutane daga wayifai ɗin gidajen da ba a sa wa makulli ba, ƙasashe da dama suka ci su tara. To a nan ma kina da dama, in gidanki ya fito akwai wurin kai ƙorafi a jikin hoton, ki nuna gidan ki ce a dushe shi. Sai dai ki sani in an dushe an dushe ke nan ba a dawo da shi, ko da daga baya an buɗe shago a gidan ana son a gani. Kuma hoto ne tsoho ba bidiyon kai tsaye ba, ba wanda ke ganin abin da ke faruwa a ƙofar gidanki yanzu.

Hajiya_Idiaraba
Na gode ɗana. Amma ka ga bambancin, su Jamusawa an sanar da su kafin a buɗe, mu sai bayan shekaru muke ji a guruf. Mata nawa ne a Idi-Araba suka san akwai wurin ƙorafin nan?

Basakkwace_Alaba
Hajiya ta taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Ku dubi Indiya, a 2016 sunka hana saboda tsaro, sai 2022 anka buɗe kuma da sharaɗin kamfunnan ƙasar su ne ke ɗaukar hoton, Tech Mahindra da Genesys, bayanan na hannun 'yan ƙasa. Mu mi munka sa a matsayin sharaɗi? Titinmu ne, gidajenmu ne, shagunanmu ne, wani ya zo ya kwashe ya tafi da shi shina sayar da talla a kai. Ban ce a hana ba, amfani nai a fili yake, amma ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 ya kamata a ce tana da nata hannu cikin abin.

direban_Ikeja
Bari in ba ku nawa labarin don ku san taswira ba a miƙa mata wuya gaba ɗaya. Shekarar da na fara tuƙin haya na manhaja, na ɗauki fasinja da yamma za mu cikin Island, gosulo ya riƙe ko'ina sai taswirar da nake bi a lokacin, ba sai na kama suna ba, ta ce in karya dama akwai gajeriyar hanya. Na karya. Ban yi mita hamsin ba sai ga jami'ai sun tare gabana, ashe wanwe ne, titin da ake bi ta ɓangare ɗaya kawai, allon yana can wata bishiya ta rufe shi. Fasinja ya buɗe ƙofa ya yi tafiyarsa ko kuɗin bai ba ni ba. Motar ba tawa ba ce ta wani Alhaji ce nake biyansa duk sati, kuma kun san dokar wanwe a garin nan ba wasa ba ce har gwanjon motoci an yi a kai. Kwana huɗu ina zirga-zirga ban yi aiki ba, abin da na tara na wata biyu ya tafi, da ƙyar da taimakon dattawan unguwarmu motar ta fito. Tun ranar in hanya ban santa ba sai na ga motocin da ke fake a gefe ina suka fuskanta, in duk sun kallo ni to ba na shiga ko taswira ta yi ta magana.

Bakatsine_Apapa
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri. Wannan dabarar ta kallon motocin da ke fake na riƙe ta.

mai_kai_saƙo
Oga direba ka gwada Waze? Direbobi ne da kansu ke sa rahoto a ciki, hatsari, rufe hanya, gosulo. Lokacin da ake gyaran Third Mainland ta taimake ni sosai.

yaro_Yaba
Waze ɗin ma ai ta Google ce, sun saye ta a 2013 kan kuɗi wajen dala biliyan ɗaya. To ka ga yadda gasar take, in ƙarami ya taso da abu mai kyau sai babba ya saye. Apple kuma a 2012 suka cire taswirar Google daga iPhone suka sa tasu, ta fito da kurakurai har shugabansu Tim Cook ya fito ya ba da haƙuri a rubuce, daga nan suka koma suna gina tasu da motocinsu. Microsoft sun yi nasu Streetside a Bing, Rasha na da Yandex, Chana na da Baidu. A ƙarshen 2022 kuma Amazon da Meta da Microsoft da TomTom suka haɗa kai suka kafa Overture Maps don su tara bayanan taswira da kowa zai iya ɗauka, saboda ba sa son kullum su riƙa zuwa wurin mutum ɗaya da kuɗi a hannu, balle tun da aka ƙara farashin amfani da taswirar Google a 2018.

ɗan_agege
Na gode ƙwarai 'yan uwa da addu'o'i, Allah ya bar zumunci. @Bakatsine_Apapa na ɗauka na ajiye har kusurwa uku. Amma ƙanena na Yaba duk sunayen nan da ka lissafo ba wanda ya shigo layinmu, to gasar tasu a can sama take ke nan, mu ba mu cikin lissafi?

yaro_Yaba
Yallaɓai motar tana bin inda za ta iya wucewa ne da inda suke ganin akwai ciniki. Layin da kwata ta cinye rabinsa ga 'yan tireda a ɗaya rabin mota mai kyamara ba za ta shiga ba. In ka lura ma a wurare da yawa a hotunan Najeriya in ka juya baya za ka ga motar rakiya tana biye da ita, ka ga kowace fita kuɗi ce. Suna da kyamarar goyo da mutum ke ɗauka a baya ya shiga da ƙafa amma an fi kai ta wuraren yawon buɗe ido.

Sai dai akwai wata ƙofar. Akwai Mapillary, wani kamfanin Suwidin ne da Facebook suka saya a 2020, shi kowa na iya ɗaure wayarsa a gilashin mota ko kan babur ya bi layi tana ɗaukar hoto da kanta ya ɗora, su ma suna dushe fuska da lambar mota. Akwai kuma OpenStreetMap da aka fara a Ingila a 2004, taswira ce da jama'a ke zanawa da hannunsu kyauta, kai da kanka za ka iya zana layinku ka sa sunansa ka sa masallaci da famfo da makarantar allo. Ni na zana layuka uku a unguwarmu da hutun da ya wuce.

tsohon_ɗan_okada
Da a ce shekarun baya ne wannan aikin namu ne. Ba lungun da ban sani ba daga Ojuelegba zuwa Mushin zuwa Ijora, inda mota ba ta shiga mu muke shiga da laka da ruwa da komai. Na tuna a 2019 aka sa wa Google Maps tsarin masu babur a Najeriya har da muryar 'yar Najeriya mai faɗin hanya, mun yi murna don da can muryar Baturiya ce ba ka gane sunan titin da take faɗa. Ba a yi shekara ba a Fabrairun 2020 aka hana okada a manyan wurare, a Yunin 2022 aka ƙara tsanantawa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Island da Mainland. Abokaina da yawa sun koma gida Arewa da duk sanin hanyar da ke kansu, wlh wani in ka ba shi takarda zai zana maka Mushin gaba ɗaya bai ɗaga biro ba. Ba wanda ya taɓa zama da su ya rubuta. Ni yanzu keke nake ja a Agege, in akwai mai nuna min yadda ake ɗaura wayar zan gwada a layukan da nake bi.

Ummu_Sadiq
Don Allah malam kafin ka ɗaura waya ka bi layin mutane kana ɗauka ka fara sanar da masu unguwa. Abin da muke ƙorafi a kai ke nan tun ɗazu, ba zai zama daidai ba don kawai namu ne ya ɗauka.

tsohon_ɗan_okada
Gaskiyarki Anti. Sai na je wurin Sarkin Hausawan yankinmu da limamin masallaci tukuna, in sun ce a'a shi ke nan.

malamin_islamiyya_Ketu
Ina bin muhawarar tun safe ban sa baki ba. Akwai abin da ya kamata mu auna da kyau. Ku dubi Makoko, shekara da shekaru dubban mutane na zaune a kan ruwa amma a taswira kusan babu su. A 2019 ƙungiyar Code for Africa ta koya wa matasan wurin suka yi amfani da jirgi marar matuƙi da kwalekwale da waya suka zana unguwarsu, makarantu, wuraren shan magani, wuraren ibada, suka ɗora a OpenStreetMap. Hujjarsu ita ce wanda ba ya cikin taswira in an zo rabon asibiti ko ruwa ba a tunawa da shi, in an zo rusau kuma sai a ce dama ba kowa a wurin, kuma an taɓa yi musu rusau a 2012. To mu ma da yawa cikin zangonninmu haka suke. Amma ɗaya gefen shi ne, takardar da za ta nuna kana nan ita ce kuma za ta nuna wa mai son filin girmansa da kyawun wurinsa. Ni ban yanke hukunci ba, ina dai ganin ba shawarar mutum ɗaya ba ce, ta jama'ar unguwa ce.

Basakkwace_Alaba
Malam mai son fili ai tauraron ɗan'adam ya riga ya nuna mai komai daga sama, ba ya jiran mu. Abin da babu shi ne namu bayanin, cewa ga masallaci tun shekara kaza, ga rumfuna kaza, ga mutanen da ke ci a nan. Ni ina goyon bayan a zana.

MaiAlbasa_Mile12
Ni abin da zai amfane ni kawai shi ne baƙo ya iso rumfata ba sai na tura yaro ba. Akwai yadda za a yi?

yaro_Yaba
Akwai Alhaji. Ka tsaya a bakin rumfar ka buɗe taswira ka danna ɗigon shuɗin da ke nuna inda kake, za ka ga wasu haruffa da lambobi masu alamar tarawa a tsakiya, Plus Code ake ce masa, shi ne adireshin daidai wurin ko da babu sunan layi. Ka tura wa baƙon ko ka rubuta a jikin allon rumfa. Kuma za ka iya sa rumfar a matsayin wurin kasuwanci kyauta da suna da hoto. Sai dai a cikin kasuwa mai rufin kwano GPS yana ɗan kaucewa, ka fito fili kaɗan kafin ka ɗauka.

Baba_Obalende
Duk na ji. Ku zana, ku ɗauka, amma in baƙon ya iso a ba shi ruwa a tambaye shi mutanen gida. Kai kuma ɗan_agege, kawun nan naka mai shayi a Pen Cinema, ba wani dogo ba ne fari mai ɗan ɗingishi, mutumin wajen Daura? In shi ne na sha shayinsa ba sau ɗaya ba lokacin da nake zuwa Abbatuwa sayen nama, ba ya karɓar kuɗin baƙon da ya sauka ranar.

ɗan_agege
Allahu akbar. Shi ne Baba, wlh shi ne. Ni ma da na sauka daga mota ban san kowa ba a kan bencin nan na kwana uku. Da aikin gada ya tashe su ya koma wani lungu ciniki bai ƙara zama kamar da ba, daga baya ciwon ya yi tsanani muka mai da shi gida.

Baba_Obalende
Allah ya jiƙansa da rahama, mutumin kirki ne. Ka turo min hoton ta akwatin sirri in gani.

Hajiya_Idiaraba
Ikon Allah. To ni dai har yanzu ina kan bakana game da gidajen mutane da mata, amma ɗan_agege ka kai a wanke maka hoton babba ka aika wa iyalinsa, kar ya tsaya a waya.

ɗan_agege
In sha Allahu Hajiya. Na riga na tura wa Inna ta WhatsApp, ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ƙanena ya ce ta riƙe wayar ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta ce hular nan ita ta saya masa. Gobe zan kai wa mai hoto na bakin tasha. @yaro_Yaba in na ɗauka daga kwamfuta zai fi fitowa da kyau fiye da na waya? Don na wayar in an ja shi yana fashewa.

yaro_Yaba
Zai fi sosai Yallaɓai, allon ya fi girma. Ranar Asabar ina zuwa Agege wurin yayata, zan taho da laftof ɗina mu ɗauka tare, in tsohon_ɗan_okada yana kusa shi ma sai in nuna masa yadda ake ɗaura wayar ko da ba a fara ɗauka ba sai dattawa sun amince.

tsohon_ɗan_okada
Ina nan, bayan la'asar ya fi min don da safe akwai 'yan kasuwa. Ita manhajar Mapillary ɗin tana cin data da yawa ne wajen ɗora hotunan? Don abin da nake sa wa a wata ba shi da yawa.